Wa Ya Saya wa Direba Ƙwaya?

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san teburin mai shayi. Nan ne fitila take fara kamawa, nan ne kuma direbobi da yaran mota suke taruwa kafin a gama lodi. In mutum ya tsaya kaɗan ya zuba ido, zai ga abin da kowa yake gani amma ba mai faɗa. Wani direba ya karɓi kofin shayi mai kauri, ya sa hannu aljihu ya ɓallo ƙwaya ɗaya ko biyu, ya jefa baki, ya kora da shayin. Ya share baki, ya ce, "A shiga, a shiga, za mu tashi." Fasinja kuwa, maza da mata, da masu goyo, da tsofaffi masu zuwa asibiti, sai su shiga, kowa ya nemi wurin zama, a yi addu'ar Allah ya sauke lafiya.

Da a ce kwalbar giya wannan direba ya fito da ita ya kafa kai a gaban jama'a, da tashar ta yamutse. Da wani dattijo ya ce a sauke masa kayansa, da mata sun kama salati, da shugabannin tasha sun karɓe makullin motar. Amma da yake ƙwaya ce, ƴar ƙarama, ba wari, ba kwalba, sai a ce ai magani ne, bawan Allah yana da doguwar tafiya a gabansa. Hanya kuwa ba ta san wannan bambanci ba. Wanda giya ta kashe da wanda ƙwaya ta kashe, tabarma iri ɗaya ake rufa musu a bakin kwalta.

Ba shakka direban da ya sha abin maye ya kama sitiyari yana da laifi, laifi babba. Amma wanda ya tsaya nan bai faɗi gaskiya duka ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwayar nan da take cikin aljihun direba, hannuwa da yawa ne suka haɗa kuɗi suka saya masa ita, ya kuwa kamata a kira su ɗaya ɗaya.

Abin da hanya take ci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Ta ce a tsakanin yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, ba abin da yake kashe su kamar haɗarin hanya. Afirka kuwa, wadda motocinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, ita ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mamata.

Mai karatu zai ce, ai ba duka maye ne ya jawo su ba. Gaskiya ne. Akwai lalacewar hanya, da tsofaffin tayoyi, da lodin da ya wuce ƙima, da rashin asibiti kusa. Amma wannan ba ya wanke mai maye, ƙara masa nauyi yake yi. A dubi babbar hanyar ƙasar Nijar, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, da Galmi, da Madawa, da Maraɗi, da Tasawa, ta isa Damagaram bayan tafiyar kusan kilomita 900, ta zarce har Difa. Hanya ce ta mota biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na komowa, ba katanga a tsakani. Amalanken jaki ba fitila yana kanta, garken shanu yana ƙetare ta, raƙumi yana fitowa daga duhu, yara suna tallar goro da ɗanwake a gefenta ranar kasuwa. Babbar mota takan lalace a tsakiyarta, alamar da za a sa kuwa ba ta wuce ƴan rassan itace ba. Hanya irin wannan ta fi kowace hanya bukatar direba mai cikakken hankali. Wanda zai bi tsakiyar ƙaya, ai shi ne ya fi bukatar ido.

Ga lissafin da kowane ɗan makaranta zai iya yi a allo. Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a cikin sakan ɗaya. Direba lafiyayye, wanda ya yi barci ya ƙoshi, yakan ɗauki wajen sakan ɗaya tsakanin ganin saniya da taka birki, watau mita 25 sun tafi kafin ƙafarsa ta motsa. In abin maye ya ƙara masa sakan ɗaya, mita 50 ke nan. In idonsa ya rufe na sakan uku kawai, motar ta yi mita 75 ba mai tuƙa ta. In kuwa aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota take yi kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu. Ƙarfe bai san direba gwani ne ba, bai san yana da laya a ƙarƙashin kujera ba.

Hujja ta fari: "Maganin gajiya ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi yawa a tasha. A dā ana shan irin ƙwayoyin nan masu hana barci da ake ce wa a-ji-garau. Daga baya tiramol ya shigo ya mamaye kasuwa. Sunansa na asibiti tramadol, a ƙasar Jamus aka fara sayar da shi a 1977, magani ne kuwa na gaske, na kashe zafin ciwo, ga wanda aka yi wa fiɗa ko wanda ya karye. Dangin su mofin ne. Likita yakan ba da ƙwaya mai miligiram 50 ko 100, ya kuma yi kashedi kada a wuce miligiram 400 a yini. Amma irin wanda masu fasa-ƙwauri suka cika Afirka ta Yamma da shi, yawancinsa daga ƙasar Indiya, akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, har da mai 250 a ƙwaya guda. Wanda ya haɗiye biyu masu 225 da shayin asuba ya riga ya wuce iyakar yini ɗungum tun rana ba ta fito ba.

Da fari mai sha yakan ji jikinsa ya yi sakayau, ciwon baya ya tafi, zuciya ta yi ƙarfi. Abin da bai sani ba shi ne, gajiyar tana nan, bakinta kawai aka toshe. An ce jiki magayi. Ciwon baya da nauyin ido su ne ƴan aiken da jiki yake turowa su ce a tsaya. Wanda ya sha ƙwaya ya kori ɗan aike, amma saƙon bai canja ba. Kamar direba ne da ya ga jar fitilar mai ta kama a gabansa, maimakon ya tsaya ya duba injin, sai ya sa ƙyalle ya rufe fitilar, ya ƙara wuta. Ba direban da zai yi wa motarsa haka, amma ga shi yana yi wa kansa.

Daɗin daɗawa, tiramol da kansa yana kawo jiri da gyangyaɗi, in ya yi yawa kuma yakan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ba sallama. Mai karatu ya auna direban motar mutum goma sha tara, ko ta mutum saba'in, jijjiga ta kama shi yana tsakiyar wuce babbar mota. In an haɗa shi da giya ko da ƙwayar barci irin su diyazafam, yakan danne numfashi har mutum ya wuce daga barci zuwa lahira. Ga kuma kamu: wanda ya saba, ranar da bai samu ba sai ciwon jiki, da zufa, da rawar hannu, da baƙin rai. Ya fara sha domin ya yi aiki, ya koma yin aiki domin ya sha. Garin neman ƙiba an samo rama.

Game da ƙwayoyin hana barci na dangin amfetamin kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya sha su ya fi wanda bai sha ba yiwuwar shiga haɗarin da ake rasa rai kamar sau biyar. Ido a buɗe ba shi ne hankali a farke ba. Masu bincike a ƙasar Ostareliya sun gwada a 1997, suka tarar mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da hannunsa sun yi rauni daidai da na wanda ya sha giya har iyakar da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi, in ya kai awa 24 kuwa ya ninka haka. Watau direban da ya kwana biyu a kan hanya ya riga ya bugu ko bai sha kome ba. In ya ɗora ƙwaya, bugu biyu ke nan a kai ɗaya. Barci bashi ne, ba a yafe shi. Wanda ya ƙi biyansa a kan tabarma zai biya shi a kan sitiyari, yawanci a tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba, sa'ad da jikin ɗan adam ya fi neman kwanciya.

Hujja ta biyu: "Kwalba ɗaya ba ta kome"

Kada wani ya ɗauka giya ta fita daga maganar. Tana nan a mashayar bayan tasha, tana nan a garuruwan kan iyaka inda manyan motoci suke kwana, da burkutu a ƙwarya, da barasa mai zafi a ƴar leda wadda ake ɓoyewa a aljihu kamar alewa. Irin wannan leda ce ƙasar Tanzaniya ta hana a 2017, Yuganda ma ta hana a 2019, domin arha da sauƙin ɓoyewarta sun sa ta shiga hannun yara da masu tuƙi.

Mai shan giya yakan ce, "Ni na san iyakata. In na ɗan taɓa ma na fi iya tuƙi." Giya ce take wannan magana da bakinsa, gama abin da take fara kashewa a kan mutum shi ne ma'aunin da zai gane ya bugu. Tana rage tsoro, tana ƙara ganganci, tana taƙaita gani, tana jinkirta ƙafa. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara kada iyakar barasa a jinin mai tuƙi ta wuce giram 0.5 a lita, ga sababbin direbobi da masu tuƙin haya kuwa kada ta wuce 0.2, wanda kusan daidai yake da a ce kada su taɓa sam.

Wani kuma yakan ce, "Jiya na sha, yau na wartsake." Hanta ba ta gaggawa. Abin da take iya narkarwa bai wuce wajen giram 10 na barasa a awa ba, babbar kwalbar giya guda kuwa tana ɗauke da fiye da giram 20. Wanda ya sha kwalba huɗu har tsakar dare, ya tashi mota da asuba, giyar tana nan cikin jininsa. Goro ba ya fitar da ita, kofi mai ɗaci ba ya fitar da ita, wanka da ruwan sanyi ba ya fitar da ita. Sai dai su mai da shi bugagge mai buɗaɗɗen ido.

A nan akwai maganar da ta shafi masu addini, kowane ɓangare. Akwai direba Kirista mai cewa, "Ni addinina bai hana ni kwalba ɗaya ba." Akwai direba Musulmi mai cewa, "Ni ban taɓa kai giya bakina ba, wannan magani ne." Dukansu biyu kowa ya sami ƴar ƙofar da zai sulale, kowa kuma yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Amma dokar da ta hana kisankai tana kan su duka. Ba addinin da ya yarda mutum ya ɗauki rayukan ƴaƴan mutane amana, sa'an nan ya dushe hankalin da zai tsare su da shi. Ko da kwalba aka dushe shi, ko da ƙwaya, ko da hayaƙin wiwi, cin amana sunansa cin amana.

Hujja ta uku: "Ƙaddara ce"

Bayan an kwashe gawawwaki, an kai masu rauni asibitin Galmi ko na Maraɗi, sai a zauna zaman makoki. Kowa ya zo ya ce, "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Wannan magana tana da wurinta, gama da ita ake sanyaya zuciyar gwauruwa da marayu, rai kuwa lalle a hannun Allah yake. Amma akwai munafunci sa'ad da mai laifi ya ɗauki maganar ta'aziyya ya yi mayafi da ita. Mutumin da yake cewa haɗari ƙaddara ce, shi ne wanda yake kulle ƙofarsa da dare, yake ɗaure akuyarsa, yake ƙirga canjinsa a kasuwa. In ɓarawo ya shiga gidansa ba ya cewa ƙaddara ce a sake shi, gaban alƙali yake kai shi. Me ya sa sai a wajen rayukan mutane ne kaɗai ake mantawa da tambayar wa ya yi sakaci? Allah ya ba ɗan adam hankali domin ya yi aiki da shi. Wanda ya kashe hankalinsa da hannunsa, sa'an nan ya jingina wa Allah abin da ya biyo baya, ya yi laifi biyu.

Hannuwan da suka saya

Hannu na fari, na mai mota ne. Direbobi da yawa ba su da albashin kirki, abin da suke samu yana rataye ga yawan zuwa da komowa. Mai mota yakan yanka kuɗin da za a kawo masa, ko an sami fasinja ko ba a samu ba. Direban da ya iso Maraɗi da dare bayan tafiyar fiye da kilomita 600 daga Yamai, a ce masa ya juya da asuba. In ya ce ya gaji, sai a ce, "Ajiye makulli, ga masu nema nan birjik." Mai motar da yake kwana a kan katifa, yana kirga jakunkunan da direba bai yi barci ba ya tara masa, ba shi da bakin cewa bai san da ƙwaya ba. Bai saya da hannunsa ba, amma shi ya yanka mata farashi.

Hannu na biyu, na mai kaya ne. Albasar Galmi da ake kai wa Gana da Kodebuwa, da tumatir, da dabbobin da ake kai wa kasuwannin Najeriya, kaya ne da ba sa jira. Sai ɗan kasuwa ya yi wa direba alkawarin goro in ya riga sauran motoci shiga kasuwa. Wannan goro kuɗin ƙwaya ne. Manyan motocin da suke ɗauko kaya daga bakin teku ma haka: daga Kwatano zuwa Yamai ta Gaya tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, da aka rufe iyakar Binin a 2023 kuwa sai kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja, tafiya ta ƙara tsawo, jira ya ƙara yawa. Direban da ya yi kwanaki yana jira, in an sake shi sai ya so ya fanshe kwanakin a dare ɗaya.

Hannu na uku, na fasinja ne, wannan kuwa shi ne wanda ba a so a ji. Wa yake yi wa direba kirari in ya wuce motoci biyar a jere? Wa yake cewa, "Wannan direba namiji ne, kafin azahar mun isa"? Wa yake tsaki in direba ya tsaya ya ce zai ɗan kishingiɗa, yana cewa, "Malam, mu fa muna da uzuri"? Fasinjan da ya ga direba ya haɗiyi ƙwaya ya yi shiru don kunya, ya sayar da ransa da na ɗansa a kan kunya. Ikkilisiyoyi ma ba su kuɓuta ba. Sa'ad da za a tafi babban taro, ko zumuntar mata, ko kai amarya, akan nemi motar da ta fi arha, a cika ta har bisa, a tashi da dare domin kada a biya kuɗin kwana. Akan yi addu'a mai tsawo kafin a tashi, amma ba dattijo ɗaya da zai tambayi direba, "Ɗana, yaushe rabonka da barci?" Addu'a ba ta hana wannan tambaya.

Hannu na huɗu, na mai sayarwa ne, daga yaron da yake yawo da faranti cike da magunguna a tasha, da mai shayin da yake jefa ƙwaya cikin buta, har zuwa babban attajirin da yake shigo da ita kwali kwali. A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi kashedi cewa tiramol da ake kamawa a wannan yanki a shekara ya tashi daga kilo 300 zuwa fiye da tan 3 tun daga 2013. A watan Satumba na shekarar, an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a ƙasar Nijar. Da Indiya ta tsananta doka a kan tiramol a 2018, sai masu wannan ciniki suka juya ga wani haɗin, na tapentadol da carisoprodol, har Indiya ta hana yin sa a 2025. In an toshe wannan rami sai su haƙa wani, gama muddin akwai mai saye, mai sayarwa ba zai rasa hanya ba. Yaron faranti ake kamawa, mai kwali kuwa yana zaune a sahun gaba wurin ibada, ana gaishe shi da girma.

Hannu na biyar, na mai tsaron hanya ne. Shinge yana da yawa, tambaya ma tana da yawa: ina takardun mota, ina takardar tuƙi, ina katin ɗan ƙasa. Amma ma'aikacin da ya ga idon direba ya yi jawur, harshensa yana harɗewa, ya karɓi abin da aka dunƙula masa ya ɗaga sanda, ya sa hannu a takardar mutuwar mutanen da suke cikin motar. Ba dukan ma'aikata suke haka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma guda ɗaya mai kau da kai ya isa, gama mota ba ta bukatar faɗuwa sau biyu.

Abin da ya kamata a yi

Wa'azi ga direba kaɗai ba zai isa ba. In an ce masa ya bar ƙwaya, amma aka bar masa aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, an ɗaure shi ne aka ce ya yi gudu. Saboda haka gyara ya fara daga inda ɓarnar ta fara.

Masu motoci su sa direba biyu a kowace doguwar tafiya, su biya albashin wata, su bar auna direba da yawan zuwa da komowa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta 2006 ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a yini, bayan kowace awa huɗu da rabi kuma ya huta minti 45, akwai kuwa na'ura a cikin motar mai rubuta lokacin. Jikin Bature bai fi na mutumin Tasawa saurin gajiya ba. Ko babu na'ura, littafi da alƙalami a kowace tasha sun isa a rubuta sa'ad da direba ya iso da sa'ad da ya cancanta ya tashi.

Ƙungiyoyin direbobi su tuna ba karɓar kuɗin lodi ne kaɗai aikinsu ba. Su ne suka san wanda yake sha, su ne suka san teburin da ake sayarwa. Su kori cinikin ƙwaya da barasa daga cikin tasha, su tanadi ɗaki da tabarma inda baƙon direba zai kwanta, su kuma tsaya wa direban da aka kora domin ya ce ya gaji.

Hukuma ta ba masu tsaron hanya abin gwajin numfashi da na ƙwaya, ta bi mai kwali kafin yaron faranti, in kuwa an yi haɗari a tambayi mai mota awa nawa direbansa ya yi a kan hanya.

Fasinja ya koyi buɗe baki. In mutum ɗaya ya yi magana za a ce masa matsoraci, in mutum biyar suka ce a sauke su a mayar musu da kuɗinsu, direba da ɗan kamasho za su saurara. Gara a makara a isa, da a yi sauri a kai labari. Sannu ba ta hana zuwa.

Shugabannin addini, na majami'a da na masallaci, su kira ƙwaya da sunanta kamar yadda suke kiran giya. Su kuma san cewa wanda ƙwaya ta kama mara lafiya ne, tsawa kaɗai ba ta warkar da shi. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke farat ɗaya yakan sha wuya ƙwarai, shi ya sa ya kamata a raka shi wurin likita a rage masa sannu sannu, a kuma riƙe iyalinsa kafin ya miƙe. Matan direbobi sun riga kowa sani, gama su ne suke tarar da fankon ƙwaya a aljihu ranar wanki, su ne suke ganin hannun maigida yana rawa da safe. Kada a bar su da wannan nauyi su kaɗai, suna rufa asirin da zai mai da su gwauraye.

Akwai kuma yaron mota, wanda yake zaune a gefe yana koyon sana'a. Abin da ya ga ubangidansa yana yi, shi zai yi. In ya koyi cewa namijin direba shi ne wanda ba ya barci, to, an riga an haƙa ramin da zai faɗa shekara goma nan gaba. Akwai tsofaffin direbobi a kowane gari, waɗanda suka yi shekara talatin suna bin hanya ba su taɓa kashe ko akuya ba. In aka tambaye su asirin, ba ya wuce abu uku: ba sa sha, ba sa tsere, in barci ya zo sukan ratse gefe su kwanta. Su ya kamata a yi wa kirari a tasha, su ya kamata a nuna wa yara.

Gobe da asuba mai shayi zai kunna fitilarsa, direba zai miƙa hannu ya karɓi kofi, mutane za su tsaya da kayansu suna kallo. Kowane ɗayansu yana da wanda yake jiransa a ƙarshen hanya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba direbobi haƙuri, ya ba sauran jama'a ƙarfin halin faɗar gaskiya tun mota ba ta tashi ba.